Murfin gilashin Esther Greenwood

Kwana 28 ne kacal tsakanin fitowar littafin da mutuwar wadda ta rubuta shi. Ranar 14 ga Janairun 1963 kamfanin Heinemann da ke Landan ya fitar da wani ƙagaggen labari mai suna The Bell Jar, a bangonsa an sa sunan wata Victoria Lucas da babu wanda ya taɓa jin ɗuriyarta. Masu sharhi a jaridu suka ɗan yaba, suka ɗan kushe, suka wuce abinsu. Ranar 11 ga Fabrairu, a tsakiyar wani hunturu da Ingila ta daɗe ba ta ga mai tsananinsa ba, aka wayi gari Sylvia Plath ta kashe kanta a gidan da take haya a arewacin Landan. Shekararta 30, ta bar yara biyu ƙanana. Ita ce Victoria Lucas ɗin.

Tun daga nan littafin bai sake samun mai karanta shi da sanyin ido ba. Kowa ya buɗe shi ya riga ya san ƙarshen marubuciyar, sai ya riƙa bin shafukan kamar mai bin sawun ɓarawo, yana neman inda ta yi wa duniya bankwana. Ni kuwa ina ganin wannan karatun ya zalunci littafin. A 1961 ta rubuta shi, lokacin tana tare da mijinta Ted Hughes, ga 'yarsu Frieda tana tatata, ga kundin waƙoƙinta na farko ya fito shekara guda kafin nan. Mace ce da ta haye kogi take waiwaye tana ba da labarin yadda ruwa ya kusa cinye ta shekara takwas baya. Shaidar tana nan tun a babi na farko, sai dai yawancin mutane kan wuce ta da sauri: mai ba da labarin ta ce kayan kyautar da ta samo daga New York ta daɗe tana ɓoye su, sai bayan ta warke ta fito da su, har ma a makon jiya ta yanke wani ɗan ado na roba daga jikin gidan tabarau ta ba jaririnta ya yi wasa da shi. Wato mai magana tana raye, tana da ɗa, tana da ƙarfin yin dariya a kan abin da ya wuce.

Sunan littafin na nufin wani murfi ne na gilashi mai siffar ƙararrawa, wanda ake kifewa a kan abu a ɗakin gwajin kimiyya, ko don a kare shi daga ƙura ko don a zuƙe iskar ciki a ga yadda zai kasance. Da na fara fahimtar haka sai na tuna yadda yara ke kifa ƙwarya a kan ɗan tsakon da ya suma, suna kaɗawa don ya farfaɗo. Amma ƙwarya tana ɓoye abin da ke ƙarƙashinta, duk wanda ya gan ta a kife ya san da magana. Gilashi ba ya ɓoye komai. Wadda ke ciki tana ganin kowa, kowa yana ganin ta, da hannuwanta da ƙafafunta lafiya lau, babu jini babu kumburi. Abin da ba a gani shi ne iskar da take shaƙa tata ce da ta riga ta fitar, tana ta juyawa tana tsami. Akwai inda Esther, mai ba da labarin, take zaune a bayan wata ƙatuwar mota ana kai ta asibiti mai tsada, ta san ya kamata ta ji godiya, amma ba ta jin komai. Ta ce da tikitin zagaya duniya aka ba ta da duk ɗaya ne, ko a kan jirgin ruwa take ko a wani shagon shayi a Faris ko Bankok, murfin yana nan kife a kanta. Ban san wani bayani na ciwon damuwa da ya fi wannan sauka a zuciya ba. Mu kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan ciwon fuska ba ta ba da labarinsa.

Labarin ya fara ne a bazarar 1953. Esther Greenwood 'yar shekara 19 ce daga wata unguwa a wajen birnin Boston, marainiya ta wajen uba, yarinyar da tun da ta shiga makaranta ba ta san komai ba sai zuwa ta ɗaya da cin kyaututtuka. Ta ci gasar wata mujallar mata, aka kwashe su su 12 zuwa New York su yi wata guda suna koyon aikin edita, ana ajiye su a otal na mata zalla, ana cika su da kayan kwalliya da liyafa. Dubban 'yan mata a Amurka za su so su zama ita. Ita kuwa ta ce tana jin kanta kamar tsakiyar guguwa, shiru, wayam, ana ta hayaniya kewaye da ita. Jimlar farko ta littafin ma ba ta kwalliya ba ce. Ta ce bazara ce mai wani irin zafi, bazarar da aka kashe Rosenberg da matarsa a kujerar lantarki. Julius da Ethel Rosenberg mutane ne na gaske, an same su da laifin haɗa baki wajen miƙa wa Tarayyar Sobiyet asirin makamin nukiliya, aka zartar musu da hukuncin kisa ranar 19 ga Yunin 1953. Esther ta kasa daina tunanin yadda mutum zai ji in wuta ta bi jijiyoyinsa tana ƙona shi da rai. Mai karatu bai san dalilin wannan buɗewa ba sai ya kai tsakiyar littafi.

Kusan duk wannan ya faru da Plath kanta. An haife ta a Boston a 1932. Mahaifinta Otto, Bajamushe ne malamin jami'a masanin ƙudan zuma, ya rasu a 1940 tana da shekara 8, sakamakon ciwon sukari da ya ƙi zuwa asibiti a kansa har sai da aka yanke masa ƙafa. Ta yi karatu a kwalejin mata ta Smith da tallafin karatu, ta je mujallar Mademoiselle a watan Yunin 1953, ta dawo gida ta tarar ba a ɗauke ta a wani kwas na rubutu da ta ƙwallafa rai a kansa a Harvard ba. A ƙarshen watan Agusta ta yi yunƙurin kashe kanta. Jaridu suka cika da labarin ɓatan haziƙar ɗalibar Smith, 'yan sanda da maƙwabta suna ta bincike a daji, sai a rana ta uku aka ji nishinta a ƙarƙashin gidansu.

To me ya jawo? A nan ne masu karatu suka rabu, kuma a nan littafin ya fi su wayo.

Ɓangare na farko sun ce zamaninta ne ya karya ta. Suna da hujja, ba kaɗan ba. Amurka ta shekarun 1950 ƙasa ce da rabin 'yan matanta sun yi aure kafin su wuce shekara 20 da 'yan watanni. Ana tura su kwaleji su yi fice, sannan a ce musu su koma kicin. A bikin yaye ajin su Plath a 1955, babban baƙo Adlai Stevenson, wanda ya yi takarar shugabancin ƙasa, ya tsaya gaban waɗannan haziƙan mata ya gaya musu cewa gudummawarsu ga duniya za ta bi ta hannun mazajensu da 'ya'yansu ne. Kwana takwas bayan mutuwar Plath kuma littafin Betty Friedan, wadda ita ma tsohuwar ɗalibar Smith ce, ya fito yana magana a kan wata damuwa marar suna da ke cin matan aure masu ilimi a Amurka. Littattafan biyu kamar sun haɗa baki, alhali kuwa ba su san da juna ba.

A cikin labarin, wurin da ya fi shiga raina a wannan fanni ƙarami ne. Mahaifiyar saurayinta Buddy Willard, mace mai ilimi, matar malami, ta taɓa shafe makonni tana kitsa wata darduma da tsofaffin kwat-kwat ɗin mijinta, launi kan launi. Esther ta ce da ita ce da a bango za ta rataye ta don kyau. Matar kuwa tana gamawa sai ta shimfiɗa ta a ƙofar kicin ana taka ta, cikin 'yan kwanaki ta yi dauɗa ta koma kamar ta kasuwa. Esther ta kalli dardumar ta ga abin da take tsoron aure zai mai da ita. Wannan matar ce kuma ke cewa namiji kibiya ne da ke tafiya gaba, mace kuwa wurin da kibiyar ke tashi. Esther so take ta zama kibiyar. Mahaifiyarta, wadda ke koyar da gajeren rubutun sakatarori don ta ciyar da su, kullum tana roƙonta ta koyi sana'ar saboda gudun wata rana. Shawara ce ta mai hankali. Amma Esther ta ce ba ta son ta zauna tana rubuta wasiƙun da wani namiji ke shibta mata, nata wasiƙun take so ta shibta. Ga kuma Buddy kansa, ɗalibin likitanci, mai nuna shi salihi ne, wanda ta gano ya shafe wata bazara yana lalata da wata ma'aikaciyar otal, alhali ita ana sa ran ta kai budurcinta ɗakinsa. Abin da ya ƙona mata rai munafuncin ne, da kuma yadda kowa ya ɗauki mudu biyu a matsayin abin da aka saba.

Daga nan ne hoton bishiyar ɓaure ya fito, wanda yanzu 'yan mata ke ta yaɗawa a intanet. Esther ta ga rayuwarta kamar ɓaure mai rassa, kowane ɗa da ke lilo wata makoma ce: wannan miji da 'ya'ya da gida mai daɗi, wancan shahararriyar marubuciyar waƙa, wancan farfesa, wancan babbar edita, wancan yawon Turai da Afirka da Kudancin Amurka. Tana zaune a gindin reshe yunwa tana cin ta, don in ta tsinki ɗaya ta rasa sauran. Tana cikin wasi-wasi 'ya'yan suka fara yanƙwanewa suna baƙi suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya. An ce taura biyu ba ta taunuwa, amma ai a idonta maza suna tauna biyu har uku, Buddy zai zama likita kuma miji kuma uba, babu wanda zai ce masa ya zaɓa.

Sai dai masu yaɗa wannan sashe ba su cika kawo abin da ya biyo baya ba. Ba a yi nisa ba, wani tafinta na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kai ta gidan abinci, tana fara ci sai ta ji duniya ta yi mata sauƙi, ta ce watakila duk wannan wahayi na ɓaure daga ramin cikinta ya taso, yunwa ce kawai. Plath da hannunta ta huda balan-balan ɗin da ta hura. Wannan barkwanci yana ko'ina a rabin farko na littafin, kuma shi ne abin da masu ɗaukarsa wasiyya suke rasawa. Littafi ne mai ban dariya ƙwarai. Akwai inda kusan duka 'yan matan suka ci naman ƙaguwa da ya lalace a liyafar mujallar da ke alfahari da tsabtar kicin ɗinta, suka kwana suna amai, mujallar ta aiko musu da kyautar littafi don kada su kai ƙara.

Abin da ke hana ni bin ɓangare na farko har ƙarshe shi ne lissafi mai sauƙi. Su 12 suka je New York, zamani ɗaya, matsi ɗaya. Doreen ta zaɓi shashanci, Betsy ta zaɓi ladabi, kowacce ta koma gida da hankalinta. Esther kaɗai ta faɗi. Kuma in ka duba yadda Plath ta zana faɗuwar, za ka ga ba zancen ra'ayi take yi ba, jiki take bayyanawa. Barci ya ƙaurace, dare bakwai, sannan 14, sannan 21. Yarinyar da karatu shi ne numfashinta ta buɗe littafi haruffa suna tsiro da ƙahoni suna tsalle. Ta ɗauki alƙalami za ta rubuta wa ƙawarta wasiƙa, hannunta ya fitar da manyan baƙaƙe karkatattu irin na ɗan aji ɗaya. Mako uku ba ta wanke kai ba, ba ta sauya siket da rigar da ta aro ba, kuma dalilin da ta bayar shi ne abin tsoron: wauta ce a wanke yau tunda gobe ma sai an sake wankewa. Ta ce kwanakin shekara sun jeru a gabanta kamar fararen akwatuna, da can barci ne baƙin labulen da ke raba ɗaya da ɗaya, yanzu an yaye labulen, sai wani dogon titi fari fat marar iyaka. Duk likitan ƙwaƙwalwa da ya karanta wannan zai gane ciwon tun kafin a faɗi sunansa.

Ga kuma mahaifin. Sai can gab da yunƙurinta ta je maƙabarta ta nemo kabarinsa cikin ruwan sama, ta tuna ba ta taɓa yi masa kuka ba, don mahaifiyarta ba ta bar su sun je jana'iza ba, ita ma uwar ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta kifa fuska a kan dutsen ta yi ta rusa kukan da ya makara da shekara goma.

Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne. Amma littafin ya jera dalilai, matsin zamani, maraici, wani mutum da ya kai mata hari a daren ƙarshe a New York, wasiƙar ƙin ɗauka, gajiyar shekara 15 ana tseren zuwa ta ɗaya, ya bar su a jere bai ɗaga ɗaya ya ce wannan ne ba. Abin da ilimin yau ke faɗi bai yi nisa da haka ba: akwai abin da mutum ke zuwa da shi a halittarsa, akwai abin da rayuwa ke ɗora masa, ciwon yana tashi ne inda suka haɗu. Plath ba ta da wannan bayani a 1961. Gaskiyar ido ce kawai ta hana ta yin ƙarya.

Yanzu a dawo kan kujerar lantarki. Likitan farko da aka kai ta wurinsa, Dakta Gordon, kyakkyawa ne mai ofis mai sanyi, da hoton matarsa da 'ya'yansa a kan tebur an ɗan karkato shi yadda marar lafiya za ta gani. Dala 25 yake karɓa a awa. Ya ce ta gaya masa abin da take zaton yana damunta, ita kuwa kalmar zato ta tsaya mata a wuya, kamar ana nufin babu komai sai a tunaninta. Ta gama bayaninta, ya tambaye ta sunan kwalejinsu, ya yi dariya ya ce a lokacin yaƙi akwai sansanin sojoji mata a can, kyawawa ne ƙwarai. Shi ke nan, sai mako mai zuwa. Bayan haka ya sa aka jona mata lantarki a kai a asibitinsa, idonta biyu, babu allurar barci, babu wanda ya yi mata bayani. Ta ce wani abu ya sunkuyo ya kama ta ya jijjiga ta kamar tashin duniya, har ta ji ƙasusuwanta za su karye. Tambayar da ta zo mata bayan nan ita ce: wane mugun laifi na aikata? A nan jimlar farko ta littafin ta dawo.

Wasu likitocin Italiya biyu, Ugo Cerletti da Lucio Bini, su suka fara wannan jinya a birnin Rum a 1938. Dabararta ita ce a tayar da wata gajeriyar farfaɗiya a ƙwaƙwalwa da gangan. A farkon zamaninta ana yi ne mutum yana farke, jiki yana fizga har wasu su karye. Daga baya aka shigo da allurar barci da maganin sassauta tsoka, kuma har yau ana amfani da ita a kan ciwon damuwa mai tsanani da ya ƙi jin magani, tana kuwa aiki, ko da yake takan taɓa tunawa na ɗan lokaci. A 1953 babu magungunan damuwa da muka sani yanzu, sai a ƙarshen shekarun 1950 na farkonsu suka bayyana. Abin da ke hannun likitoci shi ne lantarki, da allurar insulin wadda ta sa Esther ta yi ta ƙiba, da tiyatar yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa, wadda aka ba mai ƙirƙirarta kyautar Nobel a 1949. A littafin akwai wata yarinya, Valerie, da ta ɗaga gashin goshinta ta nuna wa Esther tabo biyu kamar inda aka yanke ƙaho. Ta ce da can kullum cikin fushi take, yanzu lafiya lau, kuma ba ta da niyyar barin asibitin har abada.

Mutane da yawa sun tashi daga littafin da cewa jinyar lantarki azaba ce. Ba su karanta har ƙarshe da kyau ba. A asibiti na biyu an sake yi mata, kuma ita ce ta ɗaga murfin. Na'urar iri ɗaya ce, hannun ne ya bambanta. Dakta Nolan mace ce, abin da ya ba Esther mamaki don ba ta san ana samun mata a aikin ba. Ta saurari labarin abin da aka yi mata, ta ce kuskure ne, in an yi daidai kamar barci ne, ta kuma yi alkawarin ba za a yi mata ba sai ta gaya mata tukuna. Wata safiya aka tsallake Esther wajen rabon karin kumallo, alamar da kowa a ɗakin ya san ma'anarta. Ta je ta ƙudundune a lungu da bargo, ba tsoron wutar ne ya fi cin ta ba, cin amanar ne. Sai ga likitar ta zo da sassafe, ta rungume ta, ta ce da ta faɗa mata tun daren jiya da ba ta runtsa ba, shi ya sa ta zo da kanta yanzu, kuma ita za ta raka ta, tana nan kuma in ta farka. Ta cika alkawari. Da Esther ta farka ta ji wani irin sanyi da natsuwa, ta ce murfin yana rataye 'yan taƙi sama da kanta, iska tana shigowa. Rataye fa ta ce. Ba ta ce ya fashe ba.

Kada a manta da kuɗi. Wata attajirar marubuciya da ke biya mata karatu ita ta ɗauke ta daga ɗakin masu taɓin hankali na asibitin birni ta kai ta wannan wuri mai lambuna. A rayuwar gaske Olive Higgins Prouty ce ta biya wa Plath jinya a asibitin McLean, wadda ita ma ta taɓa fama da irin ciwon. A tsakiyar shekarun 1950 sama da mutum rabin miliyan ne ke kulle a asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati a Amurka. Esther ta san tazarar da ke tsakaninta da su alherin mace ɗaya ne.

Uwar ita ce wadda na fi tausaya wa duk lokacin da na sake karantawa. A hanyar dawowa daga wurin Dakta Gordon, Esther ta ce ba za ta sake komawa ba. Uwar ta yi murmushi ta ce dama ta san 'yarta ba irin mutanen can ba ce, ta san za ta yanke shawarar warkewa. Babu mugunta a maganar, ƙauna ce zalla, kuma ita ce wuƙar. Duk wanda ya taɓa jin an ce wa yarinya me kika rasa, ga ci ga sha ga sutura, ki cire damuwa a ranki, ya san wannan murya. Ranar zagayowar haihuwar Esther uwar ta kawo mata furanni asibiti, Esther ta ce a ajiye su sai ranar jana'izarta, ta jefa su a kwandon shara. Ta gaya wa likita ta tsani mahaifiyarta, tana jiran a tsawata mata, likitar ta yi murmushi kawai. Ga mai karatu da ya tashi da sanin girman uwa wannan wuri yana da ɗaci, kuma ban ga laifinsa ba. Aurelia Plath, mahaifiyar marubuciyar, bazawarar da ta yi ta aiki da ciwon gyambon ciki don 'ya'yanta su yi karatu, ta kira littafin mafi ƙasƙancin butulci. Ta yi ta ƙin a buga shi a Amurka, shi ya sa bayan ya fito da sunan Plath a Ingila a 1966 sai a 1971 ya isa ƙasarta. Abin da zan ce kawai, mai kallo ta cikin gilashi mai lanƙwasa ba ya ganin fuska daidai, kuma littafin ya san da haka ko da Esther ba ta sani ba.

Akwai inda ba zan nema masa wannan uzuri ba. Baƙar fata ɗaya tak da ya samu 'yan layuka a littafin ma'aikacin rabon abinci ne a asibiti, ba a ba shi suna ba, an zana shi da raini, Esther ta harbe shi da ƙafa, labarin ya wuce kamar ba a yi komai ba. In ta ga fuskarta ta lalace a madubi, da 'yar Sin ko Ba'indiye marar lafiya take kwatanta kanta. Marubuciyar da ta ga dardumar kicin sarai ba ta ga wannan mutumin ba.

Kashi na ƙarshe ma ya ɗan yi gaggawa, musamman labarin Joan, tsohuwar budurwar Buddy da ta biyo ta asibitin. Joan ce ta fi saurin samun sauƙi, ita aka fara bari ta fita zaman gari, har tana cewa za ta zama likitar ƙwaƙwalwa. Ita ce kuma aka tsinci gawarta a dajin asibitin. A wurin jana'izarta Esther ta ja numfashi ta saurari bugun zuciyarta yana cewa ina nan, ina nan, ina nan. Babu wanda ya bayyana dalilin da ɗaya ta tafi ɗaya ta saura.

Buddy ya zo ziyara cikin dusar ƙanƙara, motarsa ta maƙale, Esther ce ta ɗauki shebur ta haƙa don shi bai daɗe da tashi daga tarin fuka ba. Yana tsaye yana kallonta ya ce, ko wa zai aure ki yanzu, Esther, tunda kin zauna a nan? Shi da ya yi watanni a asibitin masu tari babu wanda ya yi masa wannan tambaya. Ba sai na yi wa Bahaushe sharhin wannan ba, mun san abin da ake bincika kafin a kai kuɗin aure. Uwar kuma ta ce a ɗauki duk abin da ya faru kamar mugun mafarki, a ci gaba daga inda aka tsaya. Esther ta ƙi. Ta ce ga wanda ke cikin murfin duniyar ce kanta mugun mafarkin, kuma tana tune da komai, ɓauren da lantarkin da duka, sun zama filin da take tsaye a kai. Ta kuma yi tambayar da mutuwar Plath ta mayar kamar duba: ta yaya za ta san wata rana, a kwaleji ko a Turai ko a ko'ina, murfin ba zai sake saukowa ba? Tambaya ce da duk mai wannan ciwo yake yi, galibinsu kuma suna tsufa da ita. Littafin ya ƙare tana shiga ɗakin da likitoci ke jira su yanke ko za a sallame ta.

Ita Plath an sallame ta. Ta koma Smith a farkon 1954, ta gama da sakamako mafi daraja a 1955, ta samu tallafin karatu na Fulbright zuwa jami'ar Kambirij a Ingila, ta yi aure a 1956, ta rubuta waƙoƙin da aka ba ta kyautar Pulitzer a kansu a 1982, shekara 19 bayan rasuwarta. Shekara tara da 'yan watanni murfin ya yi a rataye. Da ya sauko, aurenta ya mutu, tana ita kaɗai da yara biyu a gidan da ruwan famfo ya daskare, babu tarho. Likitanta John Horder ya fara ba ta maganin damuwa 'yan kwanaki kafin nan, yana ta neman mata gado a asibiti, ya kuma shirya wata nas da za ta zo ta zauna da ita. Da safiyar ranar nas ɗin ta iso.

Mahaifiyarta ta ce Sylvia ta taɓa gaya mata cewa wannan littafin duniya ce kamar yadda ake ganinta ta cikin gilashin, na biyun kuma zai nuna duniyar nan ɗaya ta idon mai lafiya. Hughes ya faɗa daga baya cewa ta bar kusan shafi 130 na wani sabon labari da take rubutawa, kuma wajajen 1970 takardun suka ɓace.